Ƙarar da Suka Goge

"Me ya ce maka?"

"Babu komai."

"Babu komai? Babana? Mutumin da ko kyanwa ce ta shiga shagonsa sai ya yi mata nasiha kafin ta fita? Ka faɗa mini gaskiya!"

Auta ta tura ƙofar sutudiyo da ƙafa, ƙofar nan mai nauyi da aka liƙe da soso don kada ƙarar waje ta shigo. Ta jefa jakarta kan kujera, ta tsaya a kansa hannu a ƙugu.

Shi kuwa yana zaune gaban dogon teburin maɓallai, yana ta murza wani da ba ya buƙatar murzawa. Malam Tsit ke nan. Sunansa na gaskiya sai a takardun jami'a. Duk sashen kiɗa da fasahar sarrafa sauti da Tsit suka san shi, don ba ya danna jan maɓallin ɗauka sai ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Tsit!" ko da shi kaɗai ne a ɗakin.

Wannan tsit ɗin ma shi ya haɗa su. A shekararsu ta farko awarwaronta ya ɓata masa aiki, ya ce ta cire, ta ce in ƙarar ta dame shi ya cire kunnuwansa. Suka daɗe ba sa ga maciji da juna. Yanzu ga su a shekarar ƙarshe, in ba ta ji muryarsa da safe ba ko shayi ba ya yi mata daɗi.

"Ya tambaye ni sana'ata," in ji shi, bai ɗago ba.

"Sai ka ce me?"

"Na ce ina karatun sarrafa sauti, kamar ke. Ya ce sautin me? Na ce kowane iri, waƙa, fim, rediyo... Sai ya miƙo mini tafin hannunsa."

"Ya miƙo hannu?"

"Ya ce in ɗora masa guda ɗaya ya taɓa."

Dariya ta ƙwace wa Auta, ta toshe baki.

"Dariya ma kike yi? Ya ce shi tela ne, in ya gama aiki mutum ya sa a jiki ya fita. Ni in na gama, me ake sawa? Daga nan ya ce..."

"Ya ce me?"

"Ya ce ba zai ɗauki autarsa ya ba mai sayar da iska ba."

Dariyar ta tsaya cak. Ta ja kujera ta zauna.

Ta san Baba. Ba mugu ba ne, mutum ne mai son 'ya'yansa kamar ya haɗiye su, amma in ya ce a'a to sai dai a nemi wata maganar. Karatun nan ma da ƙyar ya bar ta, sai da Mama ta tsaya tsayin daka. Ita kuma Auta ta riga ta san kanta: ba za ta shiga gidan kowa ba tare da albarkar mahaifinta ba, kuma ba ta ga gidan da za ta iya shiga ba in ba na wannan sarkin shirun ba.

"Ka kalle ni, masoyina."

Ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Ba ka sayar da iska. Kuma ko iskar ce, ni na saya."

"Ke kin saya, rabin raina. Baba ne bai taya ba."

"Zai taya! Ka bar ni da shi."

Ta faɗa da ƙarfin hali ne kawai, don ko hanya ɗaya ba ta hango ba.

Da ta koma gida ta tarar da Mama a ɗaki tana ninke kaya. Tun Auta tana ƙarama aka yi wa Mama aiki a maƙogwaro. Ta warke sumul, amma muryar ba ta dawo ba, sai raɗa. Kada wannan ya sa ka ji tausayinta. Da raɗar nan take juya gidan gaba ɗaya, in kuwa ta buga cokali a jikin kofi, har Baba sai ya ajiye almakashi ya leƙo.

Auta ta kwanta a cinyarta ta zazzage mata komai, har da hawaye.

Mama ta saurara har ƙarshe, sannan ta dungure mata kai.

"Kuka ba ya ɗinke riga," ta raɗa. "Tashi ki jawo mini akwatin can."

Daga can ƙasan akwatin, cikin wani tsohon ɗankwali, ta zaro kaset. Fatarsa ta dushe, gefe ɗaya ya tsage.

"Wannan fa, Mama?"

"Ni ce."

"Ke?"

"Muna sabon aure. Babanki ya aro rediyo mai ɗauka, ya ajiye a shago, ya ce in yi masa waƙa. Da, Kanari yake kira na." Ta yi murmushi, har da rufe ido kamar budurwa. "Bayan aikin asibiti ya dinga sa shi, safe da yamma, har ya cinye shi. Yanzu in ka sa ba ka jin komai sai shuuu... Ranar da ya kasa jin muryar, ya ba ni ya ce in ɓoye, kada ya ƙara gani."

Auta ta riƙe kaset ɗin da hannu biyu. Ta girma a gidan nan, amma ba ta iya tuna muryar mahaifiyarta ba.

"Ki kai wa mai iskar," Mama ta raɗa tana ƙifta ido. "Mu ga iyakar iskarsa."

Washegari Tsit ya karɓi kaset ɗin kamar an miƙa masa jariri. Ya kwance shi a hankali, ya liƙe inda zaren ya tsinke, ya naɗe shi da biro, sannan ya juye abin da ke ciki a kwamfuta. Ya ɗaga yatsa.

"Tsit!"

Shuuu ya cika ɗakin. A ƙarƙashinsa fanka tana gurnani, mota ta wuce, wani abu yana ta kat-kat-kat ba ji ba gani. Can ƙasa da duk wannan, siririyar murya tana leƙowa tana ɓacewa.

Auta ta kama hannun kujera. "Ita ce... Wallahi ita ce!"

"Za mu fito da ita," in ji shi. "Ko a ƙasan rijiya take."

Makonni suka shafe a kai. Duk abin da aka koya musu a aji sai da suka zazzage shi a kan waƙar nan. Suka raba sautin zuwa hawa-hawa, suka kwashe shuuu ɗin kaɗan-kaɗan don kada muryar ta bi shi. Suka kashe fanka. Suka kori mota. Kat-kat ɗin ne ya fi ba su wuya, don ya manne wa muryar kamar ƙaya a zani.

"Wannan ƙarar ta ishe ni!" in ji Tsit wata rana. "Duk inda Mama ta buɗe baki sai ta biyo ta."

"Keken ɗinki ne."

"Na sani. Da ma an kashe shi kafin a ɗauka."

"To, Malam Tsit ba a haife shi ba a lokacin, balle ya ɗaga musu yatsa."

Ya harare ta, ta yi masa gwalo. Haka suke aiki, faɗa rabi, soyayya rabi.

Da suka gama da ƙarar, sai suka lura waƙar ba ta tafiya daidai. Nan ta yi sauri, can ta ja wasali ɗaya har sai ka ce numfashinta zai ƙare. Su kuwa 'yan makaranta ne, an koya musu kiɗa yana da ma'auni. Suka jera ta a kan layi, suka rage inda ta ja, suka ja inda ta gaggauta.

Ranar da suka saurari abin da ya fito, Auta ta yi kuka har ta ba shi tsoro. Murya ce tas, mai zaƙi, kamar yanzu aka ɗauke ta.

"Ɗinka, ɗinka, mai zarena,
Yadin duniya faɗi gare shi..."

Daga nan ta zarce baiti bayan baiti, har inda zaren kaset ɗin ya ƙare a tsakiyar layi.

"In wannan bai sa Baba ya sauko ba," in ji Tsit, "to ni ma zan koyi ɗinki."

Ranar hutu da la'asar suka kai. Auta ta share falo har sau biyu. Yaya, babbar 'yar gidan, ta baro gidan mijinta musamman don kada a ba ta labari. Tsit ya zo da ƙaramar lasifika a jaka da gumi a goshi, ya durƙusa ya gaida Baba.

"Mai iska ne? Yau me aka kawo mana, guguwa?"

"Baba, don Allah..." in ji Auta.

"To, na yi shiru."

Tsit ya danna. Ko yatsan bai iya ɗagawa ba.

Muryar ta fito.

Yaya ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, Mama!" Mama ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Baba kuwa ya daskare. Tef ɗin awo da ba ya rabuwa da wuyansa ya zame ya faɗi kan cinyarsa bai sani ba.

Auta ta saci kallon Tsit, zuciyarta tana tsalle. An gama!

Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Tun kafin baiti na biyu ya ƙare, fuskar Baba ta fara sauyawa. Ya karkata kai kamar mai neman wani abu a bayan lasifikar. Waƙar ta tsaya.

"Muryarta ce," ya ce a hankali. "Ban yi zaton zan ƙara jin ta ba."

"Alhamdu lillahi, Baba," in ji Tsit.

"Amma ina nake?"

Suka kalli juna.

"Na ce ina nake? Ranar nan ba ita kaɗai ba ce a shagon. Ina zaune a kan keke, tana tsaye a bayana. Ina ƙarar kekena?"

Tsit ya dubi lasifikar. "Baba, ai... hayaniya ce. Mun cire ta don muryar ta fito."

"Hayaniya."

Baba ya maimaita kalmar kamar yana ɗanɗana ta. Ya ɗauki tef ɗinsa ya mayar wuya, ya miƙe.

"Kun sa matata tana waƙa ita kaɗai a ɗaki babu kowa, kamar wadda mijinta ya mutu." Ya dubi Tsit, ba da fushi ba, da wani abu da ya fi fushi ciwo. "Yaro, ka iya cirewa, na yarda. Almakashi ma ya iya."

Ya saka takalmi ya fice.

Falon ya yi tsit na gaske, ba wanda ya ɗaga yatsa. Yaya ce ta fara magana.

"To fa! Garin gyaran gira an rasa ido."

Washegari a sutudiyo Tsit ya kasa zama. Ya je bango ya dawo, ya je ya dawo.

"Na kashe kaina da hannuna! Ni da bakina na ce wa mutum hayaniya!"

"Ba kai kaɗai ba ne. Tare muka goge shi."

"Mu mayar masa da na asalin kawai, ai ban taɓa shi ba."

"Mu mayar masa da shuuu ɗin da ya sa shi ɓoye kaset? Keken da shuuu ɗin a cakuɗe suke, in ka dawo da ɗaya, ɗayan ya biyo shi. Ka fi ni sani."

Ya zauna ya dafe kai. "To shi ke nan. Na rasa ki."

"Ka ƙara faɗin haka ka ga yadda ake fasa lasifika a kan mutum! Matsa."

Ta ture shi daga gaban kwamfutar, ta sa hedifon a kunnuwanta, ta buɗe na asalin. A karon nan ba muryar ta bi ba. Ta rufe ido ta bi keken.

Kat-kat-kat-kat... sai ya tsaya. A daidai nan Mama ta ja wasalin nan mai tsawo. Keken ya tashi, ita ma ta tashi. Ya yi gudu a kan dogon layi, ta bi shi a guje. Ya sake tsayawa, ta sake jira.

Auta ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ta girma a ƙarƙashin teburin shagon nan tana wasa da ƙyallaye, ta san abin da ke tsayar da keke. Tela ya zo kwana, zai ɗaga ƙafar keken da ke danne yadi, ya juya yadin.

Ta cire hedifon, hawaye na bin kuncinta, tana dariya.

"Ba kuskure take yi ba! Jiran sa take yi!"

"Wa?"

"Baba! Duk inda muka ce ta ja da yawa, shi ne yake juya yadi. Keken ne gangarta. Mun kori makaɗin, sannan muka zo muna gyara mata tafiya!"

Tsit ya karɓa ya saurara. Bai kai ƙarshe ba ya rufe fuska da hannu.

"Kai, amma mun tafka wauta."

"Mai digiri ma kuwa."

"To yanzu fa?"

"Mu mayar mata da tafiyarta yadda take, da saurinta da jiranta. Makaɗin kuma ai yana nan da ransa."

Ya zaro ido. "Kina nufin mu ɗauki Baba? Baban da ya ce..."

"Ka bar wannan a hannun Kanari."

Yadda Mama ta yi da Baba, ba wanda ya ji, don raɗa ba ta tsallake ƙofa. Abin da aka gani kawai, da safe ta shiga bayan shago ta yaye buhun da aka rufe tsohon baƙin keken nan mai feda, wanda Baba ya yi wa ritaya tun da ya sayi na lantarki. Ta goge shi, ta ɗiga masa mai, ta ja kujera ta zauna kusa da shi ta harɗe hannu. Baba ya yi kamar bai gani ba har azahar. Daga baya aka ji yana cewa, shi fa don kada man ya lalace a banza ne.

Suka zo da kayansu da rana tsaka. Aka rufe ƙofar shago, aka kashe fanka. Tsit ya kafa makirufo ɗaya kusa da allura, ɗaya a ƙasa wajen feda. Yaya ta samu wuri kan tarin yadi ta zauna, ta ce ko da kuɗi ba za ta bar wannan kallon ba.

"Baba, da farko za mu ɗauki shirun shagon," in ji Tsit.

"Shirun me?"

"Kowane ɗaki da irin shirunsa. Muna buƙatar na nan, don mu shimfiɗa shi a ƙarƙashin waƙar."

Baba ya juya ya kalli Mama. "Kin ji ko? A da iska yake sayarwa, yanzu ya koma shiru."

"Baba!"

"Na yi shiru, ku ɗauka."

Bai yi ba. Da farko ya yi gyaran murya. Na biyu ya tambaya ko an gama. Na uku ya ga zare a rigar Tsit ya ce wane tela ne ya cuce shi haka. Sai da Mama ta ɗauki almakashi ta ƙwanƙwasa tebur sannan aka samu shirun.

Auta ta ɗora masa hedifon a kai.

"KUNA JI NA?" ya daka tsawa.

Yaya ta faɗo daga kan yadi don dariya.

"Muna ji, Baba, har maƙwabta ma. Ba sai ka ɗaga murya ba. Za ka ji Mama a kunnenka, kai dai ka yi ɗinkinka."

Ya ɗauki wani farin yadi ya saka ƙarƙashin allura, yana ƙunƙuni. Tsit ya kalli Auta, ta gyaɗa masa kai. Ya ɗaga yatsa, muryarsa can ƙasa.

"Tsit."

Auta tana da nata hedifon, don haka tare suka ji shigowar muryar. Ta ga kafaɗun Baba sun motsa. Ƙafarsa ta taka feda da wuri, ya wuce waƙar, ya tsaya.

"A sake," ya ce. Yanzu ba ihu.

Aka sake. Ya makara.

"A sake."

A karo na gaba ya rufe ido na ɗan lokaci, ya bar ta ta fara, sannan ya shiga. Kat-kat-kat-kat... Keken da muryar suka kama hannun juna. Ta yi gudu, ya bi ta. Ta zo inda take jan wasalin, sai ga hannunsa ya ɗaga ƙafar keke da kansa, ya juya yadin, ya sauke, ya taka, daidai lokacin da ta sauko.

Auta ta cije leɓe don kada kukanta ya shiga makirufo. Ta waiga ta ga Tsit yana share ido da gefen hannu, ɗaya hannun a kan maɓalli.

Suka tafi haka har inda kaset ya yanke.

"In zaren ya tsinke, mai zarena..."

Shiru. Ƙafar Baba ta tsaya a kan feda.

"Nan ya ƙare," ya ce. "Tun ranar ma nan ya ƙare. Saura layi ɗaya."

Tsit ya tashi a hankali. Ya ɗauko wani makirufo daga jakarsa, wanda yake lulluɓewa da tawul kamar ƙwai, ya kafa shi gaban Mama.

"Mama, ki ƙarasa mana."

Ta girgiza kai, ta nuna maƙogwaronta.

"Ki yi yadda kike yi kullum. Wannan ko numfashi ne yana kamawa. Sauran aikina ne."

Mama ta kalli Auta. Auta ta haɗa hannu biyu tana roƙo. Ta kalli mijinta, shi kuwa yana zaune da hedifon a kai ya zuba mata ido kamar yau ya fara ganin ta.

Tsit ya mayar da waƙar baya kaɗan, ya tura wani maɓalli sama a hankali. Muryar amarya ta zo ta wuce, "In zaren ya tsinke, mai zarena..." Mama ta matso da bakinta.

"...ni da kai za mu ƙulla."

A cikin shagon, Yaya ko ji ba ta yi ba. Amma a kunnen Auta, da kunnen Baba, raɗar ta fito cike, da ɗuminta, da 'yar rawar da ke cikinta, kamar Mama ta cika ɗakin.

Baba ya dafe hedifon da hannu biyu ya matse shi a kunnensa.

"Ƙara magana," ya ce.

"In ce me?" ta raɗa.

"Ko me. Ki ce ko me, Kanari."

"To, ka ɗinke hannun rigar nan a rufe, tsoho."

Ya duba yadin. Gaskiya ne, ya bi waƙa ya ɗinke shi ruf. Ya fashe da dariya, hawaye na zuba har gemunsa, bai ko damu ya share ba.

"Shekara nawa ina sunkuyawa kafin in ji ki... Yau ga ki har cikin kaina." Ya girgiza kai. "A da, ke kike bi na. Yau ni na bi ki."

Aka sa musu waƙar daga farko a lasifika, muryar da, keken yau, raɗar ƙarshe. Ba wanda ya yi motsi har ta ƙare. Baba ya sa aka maimaita. Da ta sake ƙarewa ya cire hedifon ya ajiye a kan keken a hankali, ya daɗe yana kallon Tsit.

"Kai, mai iska. Zo nan."

Tsit ya taso. Ya fara ƙoƙarin durƙusawa.

"Wa ya ce ka durƙusa? Miƙe tsaye. Buɗe hannuwanka."

Ya buɗe, yana kallon Auta da alamar tambaya. Baba ya zare tef ɗin awo daga wuyansa, ya ɗora a kafaɗar yaron, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya sauke shi tsawon hannu. Ya zagaya ƙirji.

Yaya ce ta fara ganewa. Ta ƙwala ihu ta rungume Mama.

"Baba..." Auta ta kasa ƙarasawa.

"Ke kuma miƙo mini alli, kin tsaya kina kallo na. Ba zan bari surukina ya tsaya gaban mutane ranar aurensa da wannan rigar da aka cuce shi ba." Ya ja tef ɗin ya duba. "Dogon banza, zai cinye mini yadi."

Auta ta miƙa allin, ta faɗa jikin mahaifinta tana kuka tana dariya. Ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, Autata. Ashe ya iya ɗinki, nasa zaren ne ba a gani."

Tsit dai yana tsaye hannuwa a buɗe kamar mai shirin tashi sama. Bakinsa ya buɗe, godiya ta taru ta yi masa yawa.

"Baba, ni... wallahi ban san... na gode, Allah ya ƙara girma, Allah ya..."

Mama ta taɓa makirufon da ke gabanta, tana so ta yi magana. Baba ya gani. Ya yi wuf ya mayar da hedifon kansa, ya juyo ya ɗaga wa surukinsa yatsa sama.

"Tsit! Matata za ta yi magana."